Dodo mai kisa, amma ban da zalunci

 

Makonnin da suka wuce mun yi ta bayani a kan wasan labari na kan tebur, musamman Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Ga wanda yau ne ya fara leƙo mu, ga abin a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna da takarda da fensir da dayis, irin na lido da wasu masu fuskoki da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya, kuma duk dodanni da mutanen gari a hannunsa suke. Sauran kowa yana da jaruminsa guda, shi ke faɗin abin da jarumin zai yi. Idan abin da aka yi niyya yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa dayis ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani, labari ne kawai ake ginawa tare.

Yau za mu taɓa aikin da ya fi ba jagora wahala, wato ƙirƙirar dodo da shirya arangamar da za ta iya kashe jarumi. Bari mu fara da kuskuren da mu da kanmu muka tafka.

Ranar da muka yi kisa

A zangon karatun da ya wuce mu ne jagora a teburinmu na ɗakin kwanan ɗalibai. Akwai wani abokinmu da ya shafe kusan wata huɗu yana wasa da maharbi ɗaya. Ya zana hotonsa a bayan littafin lakca, ya ƙirƙira masa gari da dangi, har da ƙanwar da 'yan fashi suka sace wadda yake yawon nema. Duk Asabar bayan la'asar shi ne farkon zuwa.

A lokacin mun fara jin haushi cewa 'yan teburin sun raina dodanninmu. Duk abin da muka turo sai su murƙushe shi suna dariya. Muka ce bari mu koya musu hankali. Muka shirya wani soro a tsohuwar fadar da ke cikin labarin, muka rubuta a takardarmu cewa duk wanda ya fara taka dokin ƙofa, dutsen rufi zai faɗo masa ya mutu nan take. Ba mu sa tsaga a bango ba, ba mu ajiye ƙashin wanda ya riga shi ba, ko damar jefa dayis ba mu bayar ba. Maharbin ne a gaba, domin kullum shi ke duba wa sauran hanya.

Muka ce, "Dutse ya faɗo. Maharbinka ya mutu."

Ɗaki ya yi tsit. Abokin nan ya dubi takardarsa, ya dube mu, ya ce, "Mutumina, me ya kamata in yi wanda ban yi ba?"

Muka rasa amsa, saboda babu ita. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce yana da karatun da zai yi. Mako uku bai sake zuwa ba, ko a hanya muka haɗu gaisuwa ce kawai. Sai da muka taka har ɗakinsa muka ba shi haƙuri sannan ya dawo.

Tun daga ranar tambayarsa ta zama ma'auninmu. Kafin mu sa kowane dodo ko tarko a gaban 'yan wasa, sai mun tabbatar cewa idan jarumi ya mutu muna da amsar da za mu ba mai shi, wadda shi ma zai gyaɗa kai ya yarda da ita. Kisa ba wuya a wurin jagora, tunda duniyar a hannunsa take. Kada kuma wani ya ce to a daina kisan gaba ɗaya. Da zarar 'yan wasa sun gane jarumansu ba sa mutuwa, tsoro ya tafi, za ka ga kowa ya koma danna waya. Abin da ake nema shi ne dodon da zai iya kisa da gaske, amma wanda aka kashe ya san ya ga alama, ya kuma samu zaɓi.

Sarkin yawa

Abu na farko lissafi ne, masu gudun darasin lissafi sai ku yi haƙuri da mu. Lambobin da za mu kawo daga bugu na biyar na wasan muka ɗauko su, wanda ya fito a 2014. Kowane jarumi da kowane dodo yana da makin rai, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, yana kuma da lambar sulke. Mai kai hari zai jefa dayis mai fuska 20, ya ƙara lambar ƙwarewarsa a kai, idan jimlar ta kai lambar sulken abokin gaba to hari ya shiga. Faɗa zagaye-zagaye ake yin sa, kowa yana samun damarsa sau ɗaya a zagaye.

Mu ɗauki jarumai huɗu 'yan matakin farko. A gefe guda ga wani basamude da littafin ke kira ogre, makin ransa 59, lambar sulkensa 11, kulkinsa yana cin kusan maki 13 a bugu ɗaya. A ɗaya gefen ga goblin huɗu, wasu gajerun halittu masu kwari da baka, kowanne makin ransa 7 kacal, kibiyarsa tana cin tsakanin 3 zuwa 8. Wanne ya fi haɗari? Yawancinmu basamuden za mu nuna.

To ga abin da littafin jagora na 2014 ya tsara. Ya yi wa kowane dodo farashi da maki: basamuden 450, goblin ɗaya 50. Ya kuma ce faɗan da ya kai maki 100 a kan kowane jarumi ɗan matakin farko faɗan kisa ne, wato 400 ga mutum huɗu. Goblin huɗu in ka tara 200 ne, amma littafin ya ce idan dodanni sun kai 3 zuwa 6 a ninka jimlar sau biyu. Ka ga 400 ke nan, sun kusa kamo basamuden. Sabon littafin da ya fito a 2024 ya cire wannan ninki, sai dai dalilinsa yana nan daram.

Dalilin shi ne yawan hari. Basamuden sau ɗaya yake kai bugu a zagaye, shi kuwa mutum huɗu ke saransa. Jarumin da ke ƙara 5 a kan dayis, 6 kawai yake bukata ya same shi, wato fuska 15 cikin 20, kashi 75 cikin ɗari. Idan kowane sara yana cin kusan 8, su huɗun za su riƙa cire masa kusan 24 a zagaye, a zagaye na uku ya zube. Duk faɗan bugu biyu ko uku zai kai. Yanzu dubi goblin. Mai sihiri ɗan matakin farko yakan samu makin rai 8 da lambar sulke 12. Goblin yana ƙara 4, don haka 8 yake bukata, fuska 13 cikin 20, kashi 65 cikin ɗari. Idan daga maɓoya ya harbo, doka ta ba shi dayis biyu ya ɗauki mafi girma, damarsa ta haura kusan kashi 88. Kibiya biyu kusan kullum sun isa su kwantar da mai sihirin, ga shi huɗu ne ke tahowa lokaci guda. Hausawa sun riga sun faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wannan faɗa na goblin huɗu shi ne arangamar farko a Lost Mine of Phandelver, labarin da ya zo cikin akwatin masu koyo na 2014, kuma ya yi ƙaurin suna wajen kwantar da sababbin jarumai tun ba a je ko'ina ba.

Duk da haka kada a raina basamuden, haɗarinsa ta wata ƙofa yake. A ka'ida jarumin da makin ransa ya ƙare suma yake yi. Kowane zagaye zai jefa dayis mai fuska 20, 10 zuwa sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Wannan yana ba abokansa lokaci su kawo ɗauki. Amma idan bugu ɗaya ya cinye makin ransa, ragowar kuma ta kai cikakken makin nasa, ya mutu nan take. Mai maki 8, bugun 16 ya gama da shi. Kulkin basamuden dayis biyu ne masu fuska 8 a ƙara 4, kuma cikin hanyoyi 64 da za su iya faɗuwa, 15 suna ba da 16 ko fiye. Kusan bugu ɗaya ke nan cikin huɗu da suka shiga.

Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa kowane dodo kafin ka sake shi: hari nawa ɓangarensa ke kaiwa a zagaye, kuma mene ne mafi munin da hari ɗaya zai iya yi wa mafi raunin jarumanka? Masu tsara wasan sun san matsalar dodo guda a tsakiyar mutum huɗu, shi ya sa suka ba manyan dodanni, irin dragon mai aman wuta, damar ƙarin motsi har uku a tsakanin motsin jarumai. Kai ma idan kana son babban dodonka ya daɗe a tsaye, ka ba shi irin wannan dama ko ka haɗa shi da 'yan kore.

Kada kuma ka dogara da farashin littafi ido rufe. Akwai wata halitta mai kamar inuwa da littafin ya sa cikin ƙananan dodanni, makin ranta 16. Duk taɓawar da ta yi wa jarumi tana rage masa lambar ƙarfin jiki da 1 zuwa 4, idan lambar ta kai sifili ya mutu ko da makin ransa a cike yake. Mai sihirin da ƙarfinsa 8 ne, taɓawa uku ko huɗu ta ishe shi. Karanta duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin dodo, har ƙananan layukan ƙasa.

Wayo da wuri

A watan Nuwamba na 1987, editan mujallar Dragon, Roger E. Moore, ya ba da labarin wani jagora mai suna Tucker da suka yi wasa da shi lokacin yana soja a Fort Bragg. Dodannin Tucker su ne kobold, halittun da suka fi kowa rauni a littafin wancan zamani, makin ransu 1 zuwa 4. Jaruman kuwa manya ne da suka yi nisa a matakai. Amma da zarar sun shiga kogon, sai kobold su kulle ƙofa ta baya, su cinna wa hanya wuta, su riƙa harbi ta ƙananan ramukan da suka fafe a bango, su jefo kwalaben wuta, sannan su sulale ta ramukan da babban mutum ba zai iya shiga ba. Moore ya ce har jaruman sun gwammace su ruga hawa na goma a ƙarƙashin ƙasa su fuskanci manyan shaiɗanu masu ci da wuta da su tsaya a hawa na farko.

Tucker bai ƙara wa dodanninsa ko maki ɗaya ba. Ya tsaya ne ya yi tunanin yadda halitta mai rauni za ta kare gidanta daga wanda ya fi ta ƙarfi. Darasin ke nan: kafin ka rubuta lambobi, zana wurin. Ina ƙofa? Ina duhu? Akwai tudu, akwai ruwa, akwai siririyar gada? Goblin huɗu a fili tsakar rana abin tausayi ne, goblin huɗu a kan katanga da dare kuwa sai addu'a. Sannan ka tuna duk abin da dodo zai amfana da shi a wurin, jarumai ma su iya amfana. Idan akwai tukunyar mai da za a kifo musu, to su ma su iya kifa ta.

Alama kafin hari

Labarin da ya fi kowanne suna wajen kisa a tarihin wasan shi ne Tomb of Horrors. Gygax ya rubuta shi ne don gasar da aka yi a taron Origins na 1975, aka buga shi a 1978, kuma ya tsara shi musamman don ƙure 'yan wasan da ke taƙama ba abin da zai gagare su. Ƙofofin kabarin uku ne, biyu na bogi masu tarko. A ciki akwai sassaƙen wata koriyar fuska mai buɗaɗɗen baki, cikinsa baƙi ƙirin, duk abin da ya shiga ya hallaka. Mu wannan suna ne ya ruɗe mu har muka yi soronmu. Abin da muka manta shi ne, masu shiga kabarin Gygax sun san gasa suka zo, sun san wurin mutuwa ne. Kuma duk da muguntarsa, ya bar wani rubutu a daɓen hanyar shiga mai ɗauke da manuniya ga wanda ya tsaya ya duba. Shi kansa kwanton ɓaunar goblin da muka ambata, sai da jarumai suka tarar da mushen dawakai biyu a kan hanya da kibiyoyi a jikinsu kafin a harbo ta farko.

Yanzu mu ka'idarmu alama uku ce ga duk abin da zai iya kisa. Ta farko a bakin mutane: tsohuwa a bakin rijiya ko ɗan kasuwa ya ce wane ya bi hanyar nan bai dawo ba. Ta biyu a ƙasa: sawu, ƙashi, wari, itacen da aka karye daga sama. Ta uku a jikin dodon kansa: ya ja dogon numfashi kafin ya yi aman wuta, ko ya ɗaga kulki ya farfasa dutse a gaban idonsu kafin ya waiwayo kansu. Me ya sa uku? Domin 'yan wasa za su rasa ta farko suna hira, su yi wa ta biyu mummunar fahimta, sai ta uku ta zaunar da su.

Haka ma lagon dodo, a bar hanyar gano shi. Dodon da ake kira troll yana mayar da makin rai 10 a kowane zagaye, sai in an taɓa shi da wuta ko asid. Idan jarumai ba su da hanyar sanin haka, za su yi ta sara har su ƙare. Amma idan sun ga raunin da suka yi masa yana haɗewa a gabansu, suka kuma lura yana kauce wa murhun da ke tsakar gida, to wanda ya mutu bai ɗauko bakin wuta ba ya san inda ya yi sake.

Me dodon yake so?

A nan mu da muka tashi da tatsuniya muna da jari. Dubi labarin macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Tana da wurinta. Tana da dokarta, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Akwai abin da gari ke rasawa muddin tana nan. Bayajida kuma bai faɗa mata da ka ba, tsohuwar da ta sauke shi ta gaya masa halin da ake ciki, ga makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa a hannu. Da saninsa ya tafi bakin rijiyar. Duk abin da jagora ke bukata yana cikin wannan labari.

Ga wanda muka ƙirƙira wa teburinmu bayan mun yi hankali, kuna iya ara. Wurin tsohuwar marina ce a bayan gari, ramuka goma sha biyu waɗanda ƙasansu ya zube suka haɗe da juna. A cikin ruwan baba wani dodo ke zaune, makaho ne, da motsin ƙafa yake farauta. Yana iya ɓullowa ta kowane rami, ya cafke wanda ya fi kusa, ya ja shi ƙasa. Don jarumai huɗu 'yan mataki na uku muka ba shi makin rai 45, lambar sulke 13, yana ƙara 5 a hari, cafkarsa tana cin kusan 10. Wanda ya cafke yana da zagaye biyu ya kuɓuce ko a fizgo shi kafin a nutsar da shi. Muka kuma ba shi ƙarin motsi ɗaya a zagaye, ya nutse a wannan rami ya ɓullo a wancan.

Abin da yake so akuya ce duk ranar kasuwa. Mutanen unguwa sun shekara suna ba shi, bana awaki sun ƙare, ya fara ɗaukar yaran da ke bin hanyar zuwa rafi. Alamunsa uku: wani tsohon marini mai ƙafa ɗaya da ke gargaɗin kowa kada ya yi gudu a marina, shuɗin sawu da ke fita daga wani rami ya shiga wani, da kumfar da ke tasowa a ramin da zai ɓullo zagaye ɗaya kafin ya fito. Lagonsa biyu: wanda ya tsaya cak ba ya jin sa, kuma idan aka riƙe shi a busasshiyar ƙasa fatarsa tana tsagewa, yana rasa maki 5 duk zagaye.

Ku lura da yawan hanyoyin da suka buɗe. Jarumai suna iya jefa dutse can nesa su yaudare shi. Suna iya ɗaure akuya da igiya su jawo shi waje. Suna iya cike ramukan da ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ko su hau katanga su yi harbi, ko ma su sayi awaki su ba gari lokaci har su shirya. Dodon da ke da bukata ana iya yaudararsa, ana iya ciniki da shi, yana kuma iya janyewa idan ya samu abin da ya zo nema. Wanda aka ajiye don ya yi ta duka har ya mutu, hanya ɗaya tak ya bar wa 'yan wasa.

Ƙofar gudu da amanar dayis

Saura abu uku gajeru. Na ɗaya, ka bar ƙofar gudu, ka kuma nuna ta. 'Yan wasa da yawa suna zaton duk abin da jagora ya sa a gabansu an auna shi daidai ƙarfinsu. Gaya musu tun ranar farko cewa a duniyarka akwai abin da ya fi ƙarfinsu, kuma gudu ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ku yi yarjejeniya kafin a fara labari. Tambayi teburinka: mutuwa ta har abada ce, ko akwai hanyar dawowa? Wani yana son wasa mai zafi, wani ya zo ne ya huta daga wahalar aji. Idan akwai ƙananan yara a teburin, faɗuwa a faɗa tana iya zama kamu, ko asarar kaya, ko tabon da jarumi zai riƙa yawo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kada ka yi wa dayis ƙarya. A lokacin da rai ke kan gaɓa, mu a fili muke jefawa kowa ya gani. Idan ka saba rage lamba don ceton wani, ranar da ka ƙi ragewa za a ce kai ka kashe shi, kuma gaskiya aka faɗa.

Wataƙila kuna tambaya yaya aka ƙare a marina. Abokin nan namu ya dawo da sabon jarumi, mayaƙi mai garkuwa. Sun ji maganar tsohon marini, sun ga sawu, amma dabararsu ta igiya ta tsinke, dodon ya cafke mai warkarwarsu. Saura masa makin rai 6. Muka tunatar da shi cewa katanga tana bayansa, taku kaɗan ya tsira. Ya ce ya sani. Sai ya sa mayaƙinsa ya riƙa buga ƙafa da ƙarfi a bakin rami, dodon ya saki yarinyar ya juyo kansa. Muka jefa dayis a tsakiyar tebur, ya nuna 17. Mayaƙin ya tafi ƙasa, sauran suka fizge 'yar'uwarsu suka haye katanga, mako na gaba suka dawo da sabuwar igiya suka gama da dodon. Shi kuwa abokin namu a take ya miƙo hannu ya ce a ba shi farar takarda, kuma har yau duk baƙon da ya zo teburinmu sai ya ba shi labarin mayaƙin nan.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki shafi ɗaya ku ƙirƙiri dodonku, ku amsa waɗannan: Ina yake zaune, kuma me wurin ke ba shi? Me yake so? Hari nawa yake kaiwa a zagaye, mene ne mafi muninsa? Waɗanne alamu uku zai bari? Mene ne lagonsa, ta ina kuma za a gudu? A ƙasan shafin ku rubuta amsar da za ku ba abokinku idan ya tambaye ku me ya kamata ya yi wanda bai yi ba. Ku gwada shi da abokai ranar hutu, bayan an gama aikin gida da na makaranta, sannan ku aiko mana ta hannun editan wannan shafi. Waɗanda suka fi burge mu za mu kawo su nan mu yi musu lissafi tare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zana taswirar kogo a takardar lissafi mai gida-gida. Mu kwana nan, a gaida malamai.